Yadda Ikilisiya Za Ta Kula da Gwauraye da Marayu Bayan An Tashi Daga Makoki

A kwanakin makoki gidan mamaci yakan cika maƙil da masu ta'aziyya, amma wahalar matar da aka bari da 'ya'ya tana farawa ne bayan kowa ya koma harkarsa. A nan ne ake gane ko ikilisiya ta riƙi koyarwar Yakubu 1:27, wadda ta sa kula da marayu da gwauraye cikin ƙuncinsu a sahun gaba na sahihin addini.

Da farko, a ɗora aikin a wuyan mutanen da aka san sunayensu. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci na kullum, sai aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas da Filibus, aka danƙa musu hidimar. Haka ya kamata dattawa su zaɓi mutum biyu ko uku masu amana da kame baki, akasarinsu daga Zumuntar Mata, su rubuta sunan kowace gwauruwa da yawan 'ya'yanta. Kada namiji ya kai ziyara shi kaɗai, domin tsegumin unguwa a kan matar yake sauka.

Idan kun je, ku zauna ku saurara kafin ku kawo wani abu. Sau da yawa akan miƙa wa mace turmin atamfa alhali abin da ya hana ta barci shi ne kuɗin jarrabawar WAEC na ɗanta, ko kuma dangin miji da suka fara zancen karɓe gona. Batun gona kuwa na fasto da dattawa ne, kuma gara su zauna da dangin tun magana ba ta kai gaban mai unguwa ko kotu ba.

Inda aka fi yin kuskure, a ganina, shi ne wajen zaɓen lokaci. An saba tara taimako a Kirsimeti, lokacin da aka gama girbi, hatsi ya yi araha, kowane gida yana da abin ɗorawa a murhu. Yunwa kuwa a watannin Yuli da Agusta take cizo, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro kuma yana kwantar da yara. Saboda haka a ware wani kaso na masara da dawar da aka kawo ranar godiyar kaka, a shanya su bushe sarai, a ɗaure a buhun da iska ba ta shiga don gudun ƙwari, a ajiye sai tsakiyar damina. Matasa kuma su yi wa gwauruwar gayya a lokacin huɗa da noman fari, domin gonar da ciyawa ta cinye a Yuni ba za ta ciyar da kowa a Disamba ba.

A kiyaye mutuncinta. A Littafin Rut, Bo'aza mai gona bai tara jama'a ya ba gwauruwa Rut sadaka ba. Ya umarci masu girbi su riƙa zare zangarniya daga dammuna suna bar mata ta yi kala, kuma kada su tsawata mata. Kiran gwauraye gaban majami'a ana ɗaukar hotonsu da buhun shinkafa don a sa a Facebook ya saɓa wa Matiyu 6:3, inda aka ce in za ka ba da sadaka, kada hannun hagunka ya san abin da hannun damanka yake yi. A kai kayan gida da yamma, ba tare da shela ba.

Kada littafin sunayen gwauraye ya tsaya ga 'yan ikilisiya na asali. Tun rikicin Boko Haram, musamman a 2014 da aka mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN) a Kwarhi ta jihar Adamawa, mata da yawa sun gudu zuwa Yola da Jos da gefen Abuja, kuma irinsu sukan zauna a bencin baya ba wanda ya san labarinsu. Haka ma maƙwabciyar da ba Kirista ba ce, a taimake ta ba tare da sharaɗin ta zo sujada ba. Wadda ke da ƙarfin sana'a a haɗa mata jarin ƙosai ko ƙuli-ƙuli, a shigar da ita adashe, sa'an nan kwamitin ya zauna bayan kowane wata uku ya duba wadda ta fara tsayawa da ƙafarta da wadda har yanzu take bukatar hatsi.