Yadda za ki gane ranakun fitar ƙwai daga alamun jikinki

Idan ƙwan mace ya fita, awa 12 zuwa 24 kawai yake yi yana jiran maniyyi. Shi kuwa maniyyi yakan kai kwana biyar da ransa a jikin mace. Ke nan ranakun ɗaukar ciki ba su wuce shida ba a kowane zagayen al'ada: biyar kafin fitar ƙwan, sai ranar da ya fita.

Fara da lissafi. Ranar da kika fara ganin jini ita ce rana ta ɗaya, ki rubuta ta wata uku a jere. Ƙwai yana fita ne kusan kwana 14 kafin al'ada mai zuwa. Wadda tsakanin al'adarta da wata kwana 28 ne, wajen rana ta 14 za ta sa ido, mai kwana 32 kuma wajen ta 18. Amma lissafi kaɗai bai isa ba, domin rashin lafiya, damuwa ko shayarwa na iya gusar da ranar.

Sai ki koma ga ruwan gaba, wanda a ganina ya fi kowace alama amfani. Bayan ɗaukewar jini za ki ji wurin a bushe na 'yan kwanaki. Daga nan wani fari mai ɗan kauri zai biyo, mai ɗanƙo, wanda ke katsewa da zarar kin ja shi. Idan lokaci ya matso sai ya yi ruwa-ruwa, ya yi garau, ya yi santsi da yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Ki wanke hannu, ki ɗebo kaɗan tsakanin babban yatsa da manuni, ki buɗe su a hankali. In ya miƙe bai tsinke ba, kina cikin ranakun. Kada ki duba bayan saduwa, maniyyi zai ruɗe ki.

Abin da ke damuna shi ne mata da yawa suna ɗaukar wannan ruwa a matsayin ciwon sanyi, su ruga kemis su sayi magani, wasu har da matsi. Lafiya ce, 'yar'uwa, shi ne ke sauƙaƙa wa maniyyi hanya zuwa mahaifa. Na cuta daban yake: yana wari, ko ƙaiƙayi, ko ya zo rawaya ko kore.

Wasu kan ji ɗan ciwo a gefe guda na mara, ko nono ya yi tsami, ko sha'awa ta ƙaru. Rashin jin su ba matsala ba ne.

Mai son ƙarin tabbaci ta nemi tsinken gwajin fitar ƙwai a kantin magani. Fitsari ake gwadawa, layi biyu ke fitowa a jikin tsinken, kuma idan layin gwajin ya kai ɗayan duhu, ƙwan zai fita cikin awa 24 zuwa 36. Akwai kuma auna zafin jiki kowace asuba kafin ki sauko daga gado. Yana hawa da kusan rabin digiri, sai dai bayan ƙwan ya riga ya fita, kuma zazzaɓin cizon sauro na ɓata lissafin.

Da kin ga yauƙin, ku riƙa saduwa kullum ko bayan kwana ɗaya har ya ɗauke. Idan aka shekara ba ciki, ko wata shida ga wadda ta haura 35, ku je asibiti tare da maigida, shi ma a duba shi.