Kurakuran masu sayen katkat ta gazuwal okaziyo a Yamai

Kuskuren farko ana yin sa tun kafin a ga motar. Dillali ya ce, "Alhaji, ka zo da hantsi," kai kuma ka amsa. Kafin ka iso an tada ta, ta yi zafi, tana kiɗa lafiya lau. Injin gazuwal da ya gaji ba ya iya ɓoye gajiyarsa da sanyin safiya, shi ya sa ba a son ganinka a lokacin. Ka ce bayan sallar asuba za ka zo, kuma kada kowa ya taɓa makulli. Da isarka ɗaga kapo, ka ɗora bayan hannu a kan injin. In da ɗumi, yi sallama ka dawo gobe.

In a sanyaye take, fara buɗe radiyata ka bar ta a buɗe, sannan a tada. Kumfa mai tasowa ba ƙaƙƙautawa alama ce gasket ɗin kan inji ya ƙone, ko kan injin ya tsage. Sai ka zaga baya ka dubi hayaƙi. Ɗan fari da ya ɓace nan take ba komai ba ne. Shuɗi yana nufin tana shan man inji, baƙi kuma yawanci injekta ne ko matatar iska. Gwajin da na fi yarda da shi ba ya cin ko dala: kwance murfin da ake zuba man inji, ka aza shi a bakin ramin ba tare da ka murɗa ba. In yana ɗan rawa, lafiya. In iska na tunkuɗe shi tana feso hayaƙi, zobban fistan sun cinye, kuma buɗe inji na jiranka.

Agogon kilomita kuwa, kada ka ba shi amana, don mayar da shi baya ba wuya. Robar birki da ta kulashi, santsin sitiyari da ramin kujerar direba sun fi shi faɗin gaskiya. Motocin furoje da ake gwanjonsu ma sai an yi hattara: lambar tana iya zama kaɗan, amma a kan bargajin hanyar Abalak da Cintabaradan aka tara ta.

Inda aka fi asarar kuɗi shi ne zaɓen inji. Mutum ya hangi sabon yayi mai sheƙi da aka shigo da shi daga Turai, ya manta inda zai kai shi. In iyakarka Yamai zuwa Doso ne, kana shan mai a gidan mai, Hilux ko Prado mai injin zamani na D-4D za ta yi maka daɗi, ga ƙarfi ga tattalin gazuwal. Amma injektocinta suna aiki da matsin da ya haura bar 1,000, ba sa yafe ƙura ko ɗigon ruwa. Matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram tana ba mu gazuwal tun 2011, gaskiya ne, sai dai wanda ya wuce Tawa ya nufi Agadas ya san wata rana daga jarka ko tano zai sha. Ga irin wannan tafiya, tsohon inji 1HZ na Land Cruiser, mai lita 4.2 da silinda 6, ba turbo, ya fi kwanciyar hankali, haka ma 5L na Hilux. Ba su da gudu, a hawa sai ka yi haƙuri, amma makanike a Ƙonni ko Madawa zai kwance famfonsu ya mayar ba tare da kwamfuta ba. Motocin gazuwal da aka ƙera don Turai daga 2011 kuma kusan duk suna ɗauke da matatar hayaƙi ta DPF, mai toshewa ta rage wa mota ƙarfi. Tambayi ko tana nan, ko an cire, da wanda ya cire ta.

Da yawa suna biyan kuɗin katkat ba su taɓa sa karabo ba, wato giyar da ke sa ƙafafu huɗu su ja, kamar mai sayen rago bai duba haƙori ba. Kai ta fili mai yashi a bayan gari, ka sa 4H (karabo mai gudu), ka tsaya ka sa 4L (karabo mai ƙarfi), ka ji ko tana shiga tana fita ba ƙara. Kada a gwada a kan kwalta, yana wahalar da ƙarfe a banza. Daga nan shimfiɗa tabarma ka shiga ƙarƙashi da tocila. Nemi sabon walda a jikin shasi, maiƙo a bayan ƙafafun gaba, da tsatsar gishirin da Turawa ke zubawa a hanya lokacin ƙanƙara. Baƙin fenti sabo fil a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tambaya ne. Ka zo da makanikenka, ba wanda dillali ya nuna maka ba.

Takardu: lambar da ke jikin shasi ta yi daidai da ta kartgiriz da ta takardar duwan, harafi da harafi. In an ce "ana kan fitar da su," kuɗinka ma su jira.

Kada ka zuba duk abin da ke aljihunka a ciniki. Ranar da ta zama taka, canza man inji da matatu duka, har da bel ɗin taimin, ko da an rantse maka jiya aka sa shi, don in ya tsinke a 1HZ ko D-4D bawul da fistan ne za su gwabza. Ka kuma duba ko an zare tamostat, dabarar da wasu makanikai ke yi don ɓoye zafin inji. A mayar da sabo, a wanke radiyata, tun kafin zafin Afrilu ya kama.