Miya ta kama? Ajiye ludayin nan tukuna

Kusan duk amaryar da ta kawo mini kukan miyarta ta yi ƙauri, in na bi diddigi sai in tarar hannunta ne ya ƙarasa ɓarnar. Abin da ke kamawa a gindin tukunya ɗan kaɗan ne, kuma a manne yake wuri guda, ta sama lafiyarta lau. Amma da hanci ya ji ƙauri sai a zabura, a ɗauki ludayi a hau kankarar gindi. Nan take baƙin nan ya tashi ya gauraye miya, ɗacinsa ya ratsa mai da nama. Daga nan kuma ba gyara.

Abu na farko, sauke tukunya. Kashe gas kaɗai bai isa ba, don tukunyar dalma tana daɗewa da zafinta, balle a kan garwashi. Cire murfi tururin ya fita. Ɗauko wata tukunya wankakkiya ki riƙa kwasa daga sama a hankali, kada ludayi ya taɓa ƙasa. Da kin ga launi ya soma duhu, tsaya. Abin da ya rage ki haƙura da shi, ko da kin hango tsoka a manne.

Haƙurin nan shi ke wa mutane wuya. Ranar sunan ɗan ƙanena a unguwar Birni ta Damagaram, miyar tigadege, wato ta markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ta kama mana da naman rabin rago a ciki. Na juye ta lafiya, na shiga ɗaki neman albasa. Kafin in fito wata yarinya ta kankaro ragowar ta zuba a sabuwar tukunya, wai "Inna, ai asara ce a bar naman nan." Tsoka huɗu ko biyar ta ceto, ta kashe mana tukunya guda. Baƙi na zaune, muka aika kasuwar Dole aka sake sayen komai, ba a ci abinci ba sai bayan la'asar. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Kuskure na biyu shi ne sheƙa ruwa cikin tukunyar da ta kama. Haba! Ruwan zai jiƙa baƙin ya ɓamɓaro shi, kin yi aikin ludayi ke nan ba tare da ludayi ba. In za ki ƙara ruwa, sai bayan kin juye, kuma mai zafi.

Kada ki cika magi da tonka don ɓoye ƙauri, gishiri ne kawai zai yi yawa. Kanwa ma ba ta da aiki a nan.

Ni abin da nake yi, in soya albasa daban har ta yi ja, in sa 'yar daudawa, in juye a miyar ta ɗan tafasa a buɗe kan wuta kaɗan. Miyar tumatir ko taushe nakan ƙara mata ruwan tsamiya kamar cokali biyu, in ɗanɗana. Ta kuka kuwa ba na wahalar da kaina: in tsame nama in ɗauraye, in kaɗa sabuwa, kuka ba tsada gare ta ba. Masu jefa dankalin turawa suna nan da yawa, ni dai ban ga ya cire ɗaci ba.

Tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 gas ya shiga gidajen Damagaram, kuma wutarsa wuri guda take bugu, tsakiyar gindi. Siririyar tukunya ba ta jure wannan. Da kin zuba tigadege, kabewa ko wake, rage wuta, don su ne masu kwantawa ƙasa, ki riƙa motsawa har gindi tun ba a ji warin komai ba.