Yadda ake shiga gandun daji da mota a kwana a ciki, daga Yankari har dazuzzukan Amurka

Yaranmu na Bauchi da ke samun gurbin karatu a Amurka, da zarar ɗayansu ya sayi 'yar tsohuwar mota kuma hutu ya zo, abokan karatu za su ce a tafi daji a kwana. Daga nan sai waya ta iso ni: "Kawu, wai da gaske ne ana kwana a dajin gwamnati ba a biya ko sisi?" Da gaske ne. Na yi zama a garin Flagstaff na jihar Arizona, wanda gandun dajin Coconino ya kewaye, kuma tun kafin in je can nake kai iyali Yankari. Don haka gara in rubuta amsar gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura masa.

Ka riƙe wannan tun kafin ka tayar da mota. A cikin gari, duk titin da ba a tare ba kana iya bi. A gandun daji kuwa, hanyar da ba a ce maka a buɗe take ba, to a rufe take, ko da ka ga sabon sawun taya a kanta. Sawun taya shaida ce kawai cewa wani ya riga ka bi, ba ya nuna ko yana da izini.

Mutumin Bauchi ya san wannan tsarin ko da bai lura ba. Ka ɗauki hanyar Gombe, ka karya a Dindima, ka isa ƙofar Mainamaji, ka biya a ba ka rasit. Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki tafiya ce ta sama da kilomita 40, kuma kwaltar nan kaɗai ce taka. Za ka ga ƙananan hanyoyi suna ratsewa hagu da dama, na masu sintiri ne da masu zagayen kallon dabbobi. In kana son gangarawa wajen kogin Gaji da motarka, sai ka ɗauki ɗan jagora daga sansani. Kwana kuma a Wikki ake yi, ba wanda zai bar ka ka kafa tanti a gindin wata tsamiya don ta burge ka. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, kuma giwayen da suka rage a cikinsa suna daga cikin garke mafi girma da ya saura a Najeriya. Ba don ƙuntata wa baƙo aka yi dokar ba.

A Amurka dazuzzukan gwamnatin tarayya iri-iri ne, kuma nan ne yaranmu ke fara ruɗewa. Akwai wuraren shaƙatawa na ƙasa irin su Grand Canyon, masu ƙofa da kuɗin shiga da tsananin doka, su ne suka fi kama da Yankari. Akwai kuma gandun daji na ƙasa guda 154 da ke ƙarƙashin Hukumar Kula da Dazuzzuka ta ma'aikatar noma, wadda aka kafa a 1905. Filin da hukumar ke riƙe da shi ya kai eka miliyan 193, wato sama da kashi huɗu cikin biyar na faɗin Najeriya. Yawancinsu ba ƙofa, ba mai gadi, ana kiwo a ciki, ana saran katako da izini, ana farauta a lokacinta. A cikin waɗannan ne ake kwana kyauta. Masu dabara in sun je Grand Canyon sukan yini a ciki, da yamma su fito su kwana a gandun Kaibab da ke maƙwabtaka da shi.

Rashin mai gadi shi ne tarkon. A Yankari akwai wanda zai ce maka tsaya. A can takarda ce ke cewa tsaya, kuma wajibi ne kai ka nemo ta.

Takardar ita ce taswirar hanyoyin mota, wadda suke taƙaita sunanta da haruffa MVUM. Ta samo asali ne daga wata ƙa'ida ta 2005 da ta umurci kowane gandu ya fayyace hanyoyin da aka yarda abin hawa mai inji ya bi. Baƙi da fari ce, ba ta da kyan gani, ba ta nuna tudu da kwari, amma ita ce doka. Kyauta ake bayar da ita a ofishin gandu, tana nan a shafinsu na intanet, kuma ana iya sauke ta cikin manhajar Avenza Maps, wadda ke nuna inda kake tsaye ko babu sabis. Ka sauke tun kana gari. Ka kuma tabbatar ta bana ce, domin ana sabunta ta, hanyar da aka bi bara tana iya zama rufaffiya bana. Taswirar Google za ta nuna maka hanyoyi da yawa da ba su cikin wannan takarda, kar ka biye mata. In jami'i ya same ka kan hanyar da ba ta cikin taswira, ba zai saurari cewa babu allo ba, domin doka ba ta ce sai an kafa allo ba. Iyakar hukuncin irin wannan laifi tarar dala 5,000 ce ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Yawanci ƙaramar tara ake yanka wa mutum, amma ɗalibin da ke zaune da biza ba shi da dalilin sa sunansa a takardar kotun tarayya.

Ka zauna ka karanta bayanin alamomin da ke gefen taswirar a tsanake. Wata hanyar ta kowane irin abin hawa ce, wata sai motar da ke da lamba da izinin hawa titi, wata ta babur ce kaɗai. Akwai jadawalin da ke nuna hanyoyin da ake buɗewa daga wata kaza zuwa wata kaza. A wajen Flagstaff, inda tsayin ƙasa ya kai mita 2,100 daga teku, ana rufe hanyoyin daji da yawa da hunturu saboda dusar ƙanƙara, sai ƙasa ta bushe a sake buɗewa. In ka iske ƙarfe a gicciye, ko da gefensa fili ne fetal, kada ka zagaye.

Abin da ya fi shafar mai kwana shi ne ɗige-ɗigen da ake jerawa a gefen wasu hanyoyi a taswirar. Inda ka ga su, an yarda ka sauka daga hanya da mota ka kafa sansani. A Coconino iyakar nisan ƙafa 300 ne, kimanin mita 90. Wasu gandayen ƙasa da haka suka yarda. Inda babu ɗigo, sai ka ajiye motar dab da hanya ka ɗauki kayanka a ka. Kuma ko a inda aka yarda, nemi wurin da wasu suka taɓa sauka, za ka gane shi da da'irar duwatsun murhu da ƙasar da ta riga ta daddale. Kada ka buɗe sabon fili a kan ciyawa.

Yawancin gandaye kwana 14 suke bai wa mutum, daga nan sai ya tattara ya bar wurin. Ɗalibi mai hutun ƙarshen mako wannan ba ta dame shi ba.

Maganar mota. Ka dubi yadda aka rubuta lambar hanya a jikin allonta. In lambobin a kwance suke, hanya ce da ake gyarawa don ƙananan motoci. In a tsaye suke, daga sama zuwa ƙasa a jikin siririn turke, to ta mota mai tsayin ciki ce, kuma Corolla ɗinka za ta bar salansa a can. Ka tafi da tayar safaya mai iska, da jak, da shebur, da jarkar ruwa fiye da yadda kake zato, kuma ka cika tanki a gidan mai na ƙarshe. In motar haya ce ka karanta yarjejeniyar, domin kamfanoni da yawa sun hana a sauka da motarsu daga kwalta. Dokokin tuƙi na jiha suna aiki a cikin daji kamar a gari, da lasisi da inshora da ɗaura bel. A siririyar hanyar dutse, mai gangarowa ne ke kaucewa ya ba mai hawa hanya. A kowace kwana ka ɗauka babbar motar katako na tafe. In ka iske ƙofar shinge ta makiyaya, ka bar ta yadda ka same ta, a buɗe ko a rufe.

Daminar Arizona a watan Yuli take kankama zuwa Satumba, kusan tare da tamu, kuma halinta ɗaya da laka irin ta fadamar Gaji: hanyar da ka bi da safe tana ƙura, bayan ruwan la'asar ba ta fituwa. In hadari ya haɗo, ka fito kan tsakuwa tun da wuri. Tuƙi a jiƙaƙƙiyar hanya har ka bar kwari a cikinta shi ma laifi ne, don ɓarna ce ga daji. Kada kuma ka kwana a busasshen rafi, ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa yana iya iso ka cikin dare.

Yanzu wuta, inda na fi jin tsoron yaranmu, domin mu ba ma ganin an yi fita daji sai an gasa nama. Kafin ka tashi ka duba shafin gandun ko ka buga wa ofishinsu waya ka ji matakin hana wuta da ake ciki. A mataki na farko ba a hura wutar itace ko gawayi sai a sansanonin da hukuma ta gina. A mataki na biyu an hana ko a can, sai risho mai gas wanda ake kunnawa a kashe da maɓalli. In abin ya tsananta sai a rufe dajin ɗungurungum, kamar yadda aka yi wa Coconino a watan Yunin 2021. Ba tsoro ne na banza ba. Gobarar Schultz ta 2010, wadda ta ci eka 15,000 a gefen Flagstaff, daga wutar sansani da aka tafi aka bari ta tashi. Ta Wallow a 2011 ma haka, kuma ta cinye eka 538,000, wato kusan faɗin Yankari gaba ɗaya. In an yarda da wuta, ka tsinci busasshen itacen da ya riga ya faɗi, kada ka sari ɗanye. Lokacin kashewa ka zuba ruwa, ka juya tokar da shebur, ka ƙara ruwa, ka kai bayan hannunka kusa. In da sauran ɗumi, ba ta mutu ba. Binne garwashi da ƙasa kawai ba kashewa ba ne. Ka kuma kula da inda kake ajiye mota, salansa mai zafi a kan busasshiyar ciyawa ta isa ta tayar da gobara, a can ko a nan dajin Alkaleri da rani.

Ruwa da bayan gida. A irin wannan sansani babu famfo, babu banɗaki, babu kwandon shara. Ka kafa tanti aƙalla ƙafa 200 daga rafi ko tafki, mita 60 ke nan. Arizona ma tana da doka ta daban da ta hana kwana cikin rubu'in mil, kimanin mita 400, daga mashayar da dabbobi ba su da wata sai ita. In buƙata ta kama, ka yi nisa da ruwa da hanya, ka haƙa rami mai zurfin kamar taƙi ɗaya, ka rufe bayan ka gama. Mu masu buta mun huta da rigimar takarda, amma tsarki da alwala a yi su nesa da bakin rafi, a ɗebo ruwan a kawo. Ruwan rafi kuma sai an tafasa ko an tace kafin a sha. Ka tanadi bargo mai kauri ko da rani ne, domin a kan tudun nan sanyin asuba yakan sa mutum ya yi ta jinkirin fitowa alwala. Alƙibla ka daidaita ta tun da sauran haske.

Wanda ya taɓa kwana a Wikki ya san aikin gwaggon biri: ka bar gilashin mota a buɗe ko leda a hannun yaro, kafin ka waiga an wuce da burodi. A dazuzzukan Amurka wata ƙatuwar baƙar dabba mai gashi da ake kira beyar ce ke wannan sana'a, kuma ita da ƙamshi take aiki. Abinci, da kilishin da aka aiko maka daga gida, da man goge baki, da tukunyar da ba a wanke ba, duk kada su kwana a cikin tanti. Ka kulle su a but, ko cikin akwatin ƙarfe in wurin yana da shi, kuma wasu gandayen suna da nasu umurnin kan yadda ake ajiye abinci, ka duba. Ba a ba dabba abinci, a can ko a Yankari. In giwa ta tare maka hanya tsakanin ƙofa da Wikki, ka tsaya daga nesa, kada ka danna hon, kada kowa ya fita ɗaukar hoto, ka bar mata hanya har ta ga damar wucewa.

Da kaka, lokacin farautar barewa, dajin Amurka cike yake da masu bindiga. Ka sa riga ko hula mai launin lemo mai haske in za ka yi yawo da ƙafa.

Kafin sabis ya ɗauke, ka tura wa wani a gari lambar hanyar da za ka bi da ranar da za ka fito, ka ce in bai ji ka ba ya kira 911, lambar neman agajin gaggawa ta can. Matambayi ba ya ɓata, saboda haka in ofishin gandu yana kan hanyarka ka tsaya minti biyar, ma'aikatan sun san hanyar da ruwa ya cinye jiya. Ranar tashi ka zagaya sansanin da leda ka kwashe komai, har da murfin kwalba da ɓawon lemo, ka fita da su zuwa gari.

Mai zuwa Yankari kuma ya sa tafiyarsa cikin rani, daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta dabbobi suka taru a bakin Gaji. Ya bar Bauchi da hantsi don ya isa Wikki da rana tsaka, ya sa tufafi masu dogon hannu saboda ƙudan tsando, ya kuma cika tanki tun daga cikin gari.