Shawara ga masu jarabawar fiziks kan ilektiron

Salam 'yan uwa, wallahi akwai kuskuren da nake ta gani wajen ɗalibai kuma yana cin maki a banza. In aka ce ka nemo tsawon zangon ilektiron (wato wavelength, λ) kada ka ɗauko E = hc/λ, wannan na haske ne, shi ilektiron yana da nauyi kuma gudunsa bai kai na haske ba, don haka dabarar masanin fiziks de Broglie ta 1924 za ka bi, λ = h/p, inda h ke nufin tsayayyar lambar Planck, p kuma nauyi sau gudu.

In kuma an ba ka bolt ɗin (V, wato ƙarfin lantarki) da aka tura ilektiron ɗin da shi, ga gajeriyar hanya: raba 1.23 da √V, amsa ta fito a nanomita (kashi ɗaya cikin biliyan na mita). Misali bolt 100 zai ba ka 0.123. Gwada da bolt 54, wanda da shi masana Davisson da Germer suka harba ilektiron kan ƙarfen nikel a 1927, za ka samu kusan 0.167, kusan tazarar da ke tsakanin atam da atam kenan, shi ya sa ilektiron ɗin suka watsu kamar igiyar ruwa. Amma fa in bolt ɗin ya kai dubbai masu yawa wannan hanyar ta fara kuskure saboda gudun ilektiron ya fara kusantar na haske, a kula don Allah.