Darasi na 9: Sauya Kan Parabol ba Tare da Motsa Faranti ba

A Damagaram, daga Birni zuwa Zango, daga Garin Malam zuwa Kara-Kara, da wuya mutum ya ɗaga ido bisa soro ko kwano bai hangi parabol ba. Farantin kansa ƙarfe ne, yana iya yin shekaru bai ba kowa wahala ba. Abin da ke saurin lalacewa shi ne ɗan kan da ke zaune a ƙarshen hannun parabol, yana kallon tsakiyar faranti. Shi ke shan ranar Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Shi ke shan ƙurar hunturu, da ruwa da iskar damina. A wannan darasi za mu koyi sauya shi da hannunmu. Aikin ba shi da wuya, sai dai yana da sharaɗi guda: faranti ya tsaya inda yake, kai ya koma yadda tsohon ya zauna.

Aikin da kai ke yi

Tauraron ɗan Adam da ke aiko da tashoshin tele yana sama da nisan kusan kilomita 36,000, saitin layin da ya raba duniya biyu. Yana zagayawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa kullum yake wuri ɗaya a sararin sama. Damagaram tana arewa da wannan layi da kusan digiri 14, don haka parabol ɗinmu ɓangaren kudu suke kallo, wasu kudu maso yamma, wasu kudu maso gabas.

Kafin saƙon ya iso nan ya yi rauni ƙwarai. Faranti yana tara shi wuri ɗaya kamar yadda mazurari ke tara mai zuwa bakin kwalba. A daidai wurin nan kai yake zaune. Yana karɓar saƙon, ya ƙara masa ƙarfi, ya mayar da shi yadda zai iya bin waya har cikin dekoda.

Kai ba shi da batir. Dekoda ce ke aika masa wuta ta cikin wayar nan da ke sauko da hoto. Idan ta aika bolt 13, sai ya kama tashoshin da ake sa wa harafin V. Idan ta aika bolt 18, sai ya kama masu harafin H. Ku riƙe wannan, domin shi ke bayyana abin da ke ruɗa mutane: wata rana rabin tashoshi na nan, rabi sun ɓace.

Kafin a zargi kai

Kuɗi da yawa sun tafi a banza wajen sayen sabon kai, alhali tsohon lafiyarsa ƙalau. Idan hadari ya haɗu, ruwa na zuba da ƙarfi, hoto ya yanke, wannan ba lalacewa ba ce, ruwan na ɗaukewa hoto zai dawo. Idan kuma hoto ya tafi bayan guguwar da ke zuwa gaban ruwa bai dawo ba, a fi zargin faranti, wataƙila iska ce ta kautar da shi, kuma sabon kai ba zai gyara wannan ba.

A bi waya daga bayan dekoda har sama. Ɓera ko akuya sun ci ta? Ƙofa ta matse ta? Ƙarfen bakinta mai zare ya yi tsatsa ko ya saki? A duba cikin dekoda ko an kashe wutar da ke zuwa kai, domin yara kan taɓa telekomand su sauya abubuwa. In maƙwabci zai ba da aron dekodarsa, a gwada ta a kan wayarku. In tasa ta kawo hoto, to cutar tana ɗaki, ba a sama take ba.

Alamun da ke nuna kai ya gaji su ne: murfin robar fuskarsa ya tsage ko ya rududduge saboda rana, ruwa ya shiga ciki, hoto na tafiya da tsakar rana ya dawo da dare in gari ya yi sanyi, ko rabin tashoshi sun ɓace bayan an tabbatar waya da dekoda lafiya suke. Wani lokaci ma zanzaro ne ya yi gini a wurin, ko laka ta bushe a kan murfin. Wannan tsumma kawai yake so.

A kasuwa

Kai iri biyu ne aka fi gani. Ƙananan parabol masu hannu ɗaya daga ƙasa suna aiki da ƙaramin kai, wanda aka rubuta wa Ku. Manyan parabol masu faɗi, waɗanda sau da yawa na raga ne, da yawansu suna ɗauke da babban kai mai harafin C. Ba a sa wannan a madadin wancan. Darasinmu a kan na Ku yake, shi ya fi yawa a gidaje.

A jikin kwali ku nemi haruffa uku, LNB, wato sunan kan parabol. Ku nemi lambobi biyu, 9750 da 10600. Duk kan Ku da ke da lambobin nan zai yi aiki da saitin da ke cikin yawancin dekodoji, ba sai an sake neman tashoshi ba. Na C lambarsa 5150 ce. Wuyan kan Ku yawanci milimita 40 ne, daidai da zoben da ke riƙe shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki hoton rubutun jikin tsohon da salula, a nuna wa mai shago a Kasuwar Dole ko duk inda za a saya.

Kada manyan rubuce-rubucen kwali su ja ku. HD ko 4K a jikin kai ba ya ƙara hasken hoto, wannan aikin dekoda ne da tele. Abin da ya fi dacewa a duba shi ne ƙarfin robar murfi, da ko akwai robar rufe bakin waya a cikin kwalin.

Ku karanta wannan hira, mutum biyu-biyu:

— Salamu alaikum, Alhaji. Kan parabol nake so.
— Amin alaikumus salam, Malam. Mai baki ɗaya ko mai baki biyu?
— Tele biyu gare mu, ɗaya ɗakin uwargida, ɗaya zaure.
— Kowace da dekodarta?
— Ƙwarai.
— To mai baki biyu za ka ɗauka, kowace dekoda da wayarta daga sama.

Gaskiyar mai shago. In aka raba waya ɗaya zuwa dekoda biyu, wannan na neman bolt 13, waccan na neman 18, sai mai ƙarfi ta rinjaya, ɗaki ɗaya ya rasa tasharsa. Rigingimu da dama a gidaje daga nan suke tashi, kowa na zaton ɗan uwansa ne ya taɓa wani abu.

Ranar aiki

A yi shi da sassafe, kafin kwano ya ɗauki zafi. Kada a hau in hadari ya taso ko ana walƙiya. A duba inda wayoyin NIGELEC suka bi kafin a jingina tsani, musamman na ƙarfe. Mutum ɗaya ya riƙe tsani. A kan kwano, a taka layin ƙusoshi, nan katako yake. A kan soron ƙasa, a guji baki-baki bayan ruwa.

Kayan aiki kaɗan ne: turnabis, wuƙa mai kaifi ko reza, baƙin tef na masu lantarki, sabon ƙarfen bakin waya mai harafin F, da abin yin alama wanda ba ya gogewa, ko jan farce ne.

Kafin komai a zare dekoda daga wuta. Kashe ta da telekomand bai isa ba, wasu na ci gaba da aika wuta sama. In wayoyi suka haɗu ana cikin aiki, dekoda na iya ƙonewa.

Yanzu ga inda darasin yake. In kun hau, za ku ga tsohon kai a karkace cikin zobensa, bakin wayarsa bai kalli ƙasa ba, ya kalli gefe. Mutane da yawa na ganin haka su ce wanda ya kafa parabol bai iya aiki ba, su miƙe shi, su rasa hoto. Da gangan aka karkata shi. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya, karkatar kanmu ta fi ta ƙasashen Turai nesa ba kusa ba, kuma gwargwadon nisan tauraro zuwa yamma ko gabas, gwargwadon karkatar. Tauraron da ke digiri 16 gabas kusa yake da saitinmu, tun da Damagaram tana wajen digiri 9 gabas, don haka karkatarsa ba ta kai ta masu nisa ba. Amma wanda ke digiri 22 yamma, inda parabol ɗin Canal+ ke kallo, kansa kan karkata sosai, har ya kusa kwanciya. Kada wanda ya miƙe shi.

Saboda haka kafin a kwance ko noti ɗaya, a ɗauki hoto daga gaba da kuma gefe. A ja layi a jikin zobe saitin inda bakin waya ya kalla. A lura da yadda wuyan kai ya shiga zoben, ya matso gaba ne ko ya ja baya. Minti biyu ne aikin nan, amma shi ke raba wanda zai sauko da wuri da wanda zai yini a rana.

Notocin da ke bayan faranti, masu riƙe shi a jikin ƙarfe, ba ruwanku da su. Kada a dafa faranti, kada a rataya a hannunsa. Kaucewar da ido ba ya gani ta isa ta ɓatar da tauraron da ke nisan kilomita 36,000, kuma sake nemo shi aikin gwani ne mai na'ura, da kuɗinsa.

A warware waya daga tsohon kai. A sassauta notin zobe a hankali, domin robar da ta sha rana tana karyewa da wuri. A zare tsohon, a sa sabon, bakinsa saitin alamar da aka yi. A ɗaure sama-sama, yadda hannu zai iya juya shi.

Bakin waya

In ƙarfen bakin ya yi tsatsa, ko wayar ta yi baƙi ko kore a ciki, a yanke har inda take da haske, a sake sabo. A fere baƙar ko farar fatar waje kamar santimita ɗaya da rabi. A mayar da siraran zaren ƙarfe baya, su kwanta a kan fata. A yanke farar robar ciki, a bar kaɗan, jan ƙarfen tsakiya ya fito. A murɗa ƙarfen F har farar robar ta zo daidai da ramin ciki. Jan ƙarfen ya leƙo waje milimita 2 ko 3, a datse saura.

A ɗaga shi a haske a duba da kyau. Zare ɗaya tak in ya taɓa jan ƙarfen tsakiya, ba hoto, kuma dekoda na iya rubuta cewa wuta ta haɗu. A sa robar rufewa a waya kafin a murɗa ƙarfen, don bayan nan ba za ta shiga ba.

Gwaji

A mayar da dekoda wuta. A shiga wurin saiti, inda ake ganin sanduna biyu. Ɗaya ƙarfin saƙo ce. Ɗaya kuma kyawunsa, wadda dekoda mai Faransanci ke rubuta wa Qualité. Ta farko na iya cika ko da faranti na kallon bango, ita dai tana nuna kai ya samu wuta. Ta biyun ake bi.

Na sama ya tsaya a gefe ko bayan faranti, kada jikinsa ya tare gaba. Ya juya kai kaɗan, ya dakata, domin dekoda na ɗan jinkiri kafin ta nuna. Na ƙasa ya riƙa karanto lamba da ƙarfi: 58, 63, 70, 66. In ta fara sauka, a koma inda ta fi yawa. Haka za a yi da turawa gaba da ja baya. A gwada tasha mai V, a gwada mai H, sannan a ɗaure noti daidai, ban da matsewa.

Daga ƙarshe a tura robar ta rufe bakin, a naɗe da tef. In kai mai baki biyu ne ana amfani da ɗaya, a rufe ɗayan. A bar waya ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga taga ko bango, don ruwa ya ɗiga waje. Katin dekoda da kuɗin wata ba abin da ya taɓa su.

Aikin aji

1. Ku kwafi waɗannan a littafinku, ku karanta su da ƙarfi: LNB, Ku, C, V, H, 9750, 10600, 5150.

2. Me ya sa ake zare dekoda daga wuta kafin a hau? Me ya sa ba a miƙe kan da aka tarar a karkace? Kowa ya amsa da baki, sannan ya rubuta jimla biyu.

3. A ce kai mai baki biyu jika 4 ne, waya mita 15 kowace mita dala 30, ƙarfen baki guda 4 kowane dala 20. Nawa ne duka? In an ba mai shago jika 10, nawa zai mayar?

4. In kun koma gida, ku dubi parabol ɗinku ko ta maƙwabci daga ƙasa, ba sai an hau ba. Ku zana faranti da hannunsa da kai, ku nuna da kibiya inda bakin waya ya kalla. Ku kawo zanen ranar darasi mai zuwa, za mu kwatanta na masu kallon yamma da na masu kallon gabas.