Yadda za ka rage nauyin hoto kafin ka ɗora shi

Hoton waya yakan kai MB 3, alhali wani shafin rajista KB 50 kacal yake karɓa.

Da farko ka ajiye kwafin na asali. Sai ka yanke gefe-gefe. Katangar ƙasa da rumbun da suka fito a baya ba su da amfani, fuska da kafaɗa sun isa.

A manhajar gyaran hoto, mayar da faɗin fiksel 400, ka bar tsayin ya bi da kansa, in ba haka ba fuskar za ta baje. Adana shi a JPEG, PNG ya fi nauyi.

Bai shiga ba? Sauke ingancin zuwa kashi 70, amma daga na asalin, don wanda aka rage sau biyu dushewa yake yi. A ƙauyukan Ringim inda sabis ke wahala, ƙaramin hoto ya fi saurin hawa.